Yadda ake auna hazon salfet na duwatsu masu aman wuta da hasken infared

Ranar 15 ga Yunin 1991 dutsen Pinatubo da ke tsibirin Luzon a Filifin ya yi aman wuta, turnuƙun hayaƙinsa ya tashi sama kimanin kilomita 35. Tokar ba ta daɗe ba, cikin kwanaki ta zubo ƙasa. Abin da ya ƙi saukowa shi ne iskar farar wuta, wadda masana ke rubutawa SO2, tsakanin tan miliyan 15 zuwa 20. Cikin mako uku ta kewaye duniya, tana tafe tana rikiɗewa zuwa ƙananan ɗigon asid, irin wanda muke kira ruwan batir, sai dai wannan ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba: kashi 75 cikin ɗari na nauyinsa asid ne, sauran ruwa. Waɗannan ɗigo su ne hazon salfet. Suna mayar da wani ɓangare na hasken rana inda ya fito, shi ya sa a 1992 zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri.

Abin ya shafe mu ma. A 1982 dutsen El Chichón na Meziko ya watsa irin wannan hazo a rabin duniya na arewa, sai ga mummunan fari a Sahel a 1983 da 1984, wanda dattawa ke ba da labarinsa har yau. Binciken da Jim Haywood da abokan aikinsa na Birtaniya suka wallafa a 2013 ya nuna cewa idan hazon ya fi taruwa a arewa, yakan tura damina kudu, ruwan Sahel ya ja baya. Akwai wasu dalilan farin, amma wannan yana cikin lissafi. Don haka ɗalibin kimiyyar yanayi a Kano ko Yamai yana da hujjar koyon awon nan, kuma abin da yake buƙata bai fi bayanan tauraron ɗan'adam da ake bayarwa kyauta ba, da kwamfuta mai ɗan ƙarfi, da Python.

Ka riƙe abu guda tun daga nan: alamar da za ka nema ƙarama ce ƙwarai, masu kama da ita kuma suna da yawa. Yawancin aikin tankaɗe da rairaya ne.

Fara da sanin abin da kake nema

Iskar da ta lulluɓe duniya hawa-hawa ce. Hawan ƙasa, inda gajimare da ruwan sama da ƙura suke, yana ƙarewa a kilomita 16 zuwa 18 a ƙasashe masu zafi, can ƙuryar arewa da ta kudu kuwa a 8 zuwa 10. Hawa na biyu shi ne sitiratosfiya. Salfet ɗin da ya tsaya a hawan ƙasa ruwan sama ke wanke shi cikin mako ɗaya ko biyu. Wanda ya haye sama babu mai wanke shi, sai ya yi shekara ko fiye.

Shi kuwa infared, haske ne da ido ba ya gani, wanda duk abu mai ɗumi ke fitarwa. Shi ne ɗumin da kake ji a fuska idan ka tsaya kusa da katangar da rana ta gasa, ko da magariba ta wuce. Teku mai zafin digiri 27 yana aika irin wannan haske sama dare da rana. Hazon yana can inda sanyi ya kai digiri 50 zuwa 80 ƙasa da sifili. Sai ya shanye wani abu daga hasken tekun, ya fitar da nasa mai rauni. Tauraron da ke kallo daga sama sai ya ga tekun kamar ya fi yadda yake sanyi. Wannan ɗan gibi shi za mu auna. Bayan Pinatubo, taurarin da ke auna zafin teku sun riƙa ba da adadin da ya gaza na gaskiya da fiye da digiri 1 a yankuna masu zafi, duk saboda haka.

Na'urorin da ke amfani da hasken rana za su gaya maka akwai hazo. Infared zai gaya maka ko wane iri ne, domin kowane sinadari yana da wuraren da yake shan haske, kamar tsagar gado a fuska. Ana auna igiyar haske da maikuron, wato kashi ɗaya cikin miliyan na mita, ko da adadin igiya a santimita guda, wato cm⁻¹. Ka raba 10,000 da ɗayansu, ka sami ɗayan. Hazon salfet ya fi shan haske a wajen 1170 cm⁻¹, wato maikuron 8.5, sannan a 1050 da 905. Na 1050 ba shi da amfani sosai ga mai kallo daga sama, don iskar ozon ta mamaye wurin a maikuron 9.6. Ita SO2 tana sha a 1362 da 1152. Ka lura da na biyun: kusan yana kan na hazon na 1170. Za mu dawo kansa.

Zaɓi na'ura, zaɓi dutse

Kallon iri uku ne. Akwai masu duban ƙasa tsaye, kamar IASI da ke kan taurarin Metop na hukumar EUMETSAT tun 2006, da AIRS da ke kan Aqua na NASA tun 2002, da CrIS. Akwai masu duban gefen duniya, bayan hazon babu komai sai sararin samaniya mai sanyi, kamar MIPAS da ya yi aiki a kan Envisat daga 2002 zuwa Afrilun 2012. Su hasken yana ratsa ɗaruruwan kilomita cikin hazon kafin ya iso, don haka suna ganin wanda bai taka kara ya karya ba, kuma suna faɗin tsayinsa. Na uku su ne masu kallon rana ta cikin iska lokacin hudowa da faɗuwa, kamar ACE-FTS na Kanada da aka harba a 2003. Awonsa mai tsafta ne, amma bai wuce wurare 30 a rana ba.

Ga mai koyo, IASI nake ba da shawara. Yana raba haske zuwa tashoshi 8,461, daga 645 zuwa 2760 cm⁻¹, kowane kallo yana ɗaukar fili mai faɗin kilomita 12, kuma yana ratsa kusan ko'ina sau biyu a rana, wajen ƙarfe tara da rabi na safe da na dare. SEVIRI da ke kan Meteosat yana kallon Afirka duk minti 15, yana da kyau wajen bin sawun hayaƙi a kwanakin farko, amma tashoshinsa 12 ne kacal, ba za su raba maka hazo da SO2 yadda ya kamata ba.

Dutsen gwajin farko kuwa, ɗauki Hunga na ƙasar Tonga, wanda ya fashe ranar 15 ga Janairun 2022. SO2 ɗin da aka fara aunawa bai wuce tan dubu 400 zuwa 500 ba, amma ya cilla tururin ruwa kusan tan miliyan 150 sama, tururin ya hanzarta rikiɗewar iskar zuwa hazo. Abin da ya sa ya dace da kai shi ne hanyar da hazon ya bi: yamma, ta kan Ostareliya zuwa Tekun Indiya, galibi a saman ruwa.

Ɗauko bayanai

Yi rajista a rumbun bayanan EUMETSAT, ka nemi IASI mataki na 1C na Metop-B da Metop-C. Kada ka ce za ka sauke komai. Na'ura ɗaya tana ba da awo kusan miliyan 1.3 a rana, abin da ya haura gigabait 20. Keɓe akwati: daga digiri 5 zuwa 30 kudu, tsakanin Ostareliya da Madagaska, daga 18 ga Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu. Da zarar fayil ya sauka, yanke tashoshin 750 zuwa 1420 ka ajiye, ka share sauran.

Sannan ɗauko irin wannan akwati na Janairu da Fabrairun 2021, shekarar da ba hazon. Mutane kan tsallake wannan, alhali in ba shi ba ka da abin gwadawa. Daga rumbun Copernicus na Turai kuma ka sauke bayanan yanayi na ERA5: zafin saman teku, zafin iska hawa-hawa, tururin ruwa da ozon.

Juya haske zuwa zafi

Tauraron yana ba ka ƙarfin haske ne, amma ido ya fi gane digiri. Ana juyawa da dokar Planck:

T = c2·ν / ln(1 + c1·ν³ / L)

inda ν ke nufin lambar tashar a cm⁻¹, c1 = 1.191×10⁻⁵, c2 = 1.4388, L kuma ƙarfin hasken a mW/(m² sr cm⁻¹). Fayilolin IASI na asali suna zuwa a W/(m² sr m⁻¹), sai ka ninka da 100,000 tukuna. Abin da ya fito shi za mu kira zafin haske, a ma'aunin Kelbin, inda 300 ke daidai da kusan digiri 27 na ma'aunin da muka saba.

Kafin ka ci gaba, zana awo ɗaya na teku marar gajimare ka zuba masa ido. Daga 800 zuwa 980 za ka ga layi kusan a miƙe, wajen 290 zuwa 296, da ƙananan tsaga-tsagan tururin ruwa kamar haƙoran mataji. A 1040 sai ya rufta rami mai zurfi, ozon ke nan. Ya sake hawa tsakanin 1080 da 1230, daga nan ya gangara inda iskar mitan da tururi suka toshe hanya. A wancan tudun na biyu ne hazon zai bar sawunsa: tudun zai ɗan lotsa baki ɗaya, lotsawa mai santsi, ba tsaga ba.

Nawa ne girman lotsawar? A ce kaurin hazon a 1170, wato rabon hasken da ya tare, 0.01 ne, tekun yana 300, hazon yana 210. A wannan tasha, hasken da abu mai 210 ke fitarwa kashi 9 cikin ɗari ne kawai na mai 300. Don haka asarar ta zama 0.01 sau 0.91. Idan ka juya ta zuwa digiri, rabin digiri ce. Hayaniyar na'urar kanta a tasha guda ta kai wajen 0.2, ɗan siririn gajimare kuma zai iya cinye digiri biyar. Ka ga dalilin da na ce aikin rairaya ne.

Tankaɗe

Nan za ka fi daɗewa, kuma nan ne awo ke gyaruwa ko ya lalace.

Fara zubar da duk awon da aka ɗauka a kan tudu, ka bar na teku. Rairayin hamada, saboda ma'adinin kwaz da ke cikinsa, ba ya fitar da haske sosai tsakanin maikuron 8 da 9.5. A wasu sassan Sahara yana fitar da kusan kashi 70 cikin ɗari ne na abin da ya kamata. Wato hamada da kanta tana yin lotsawar da kake nema, a wurin da kake nemanta, kuma ta ninka ta sau da yawa. Ruwan teku ba ya wannan ha'inci. Sai ka ƙware a kan teku kafin ka taɓa tudu.

Sai gajimare. Fayil ɗin IASI yana ɗauke da adadin gajimaren da na'urar ɗaukar hoto ta AVHRR, da ke kan tauraro ɗaya da IASI, ta gani a cikin kowane kallo. Riƙe waɗanda ba su da shi ko kaɗan. Dalilin ya wuce tsafta kawai: idan hazon yana saman gajimare mai tsawo wanda sanyinsa ya yi daidai da nasa, gibin ya ɓace ɗungurungum, tauraron ba zai ga komai ba ko da hazon ya yi kauri. Inda taswirarka ta nuna sifili a kan irin wannan gajimare, rubuta "ba a gani ba", kada ka rubuta "babu".

Siririn gajimaren ƙanƙara yakan kuɓuce wa AVHRR. Kama shi da tashoshi biyu: cire zafin hasken maikuron 12 daga na 10.8. Ƙanƙara ta fi shan na 12, don haka sakamakon yana hawa sama da abin da tururi kaɗai zai bayar. Toka da ƙura kuwa akasin haka suke, sun fi shan na 10.8, sakamakon ya faɗi ƙasa da sifili. Fred Prata ne ya bayyana wannan dabara a 1989, kuma har yau cibiyoyin gargaɗin jiragen sama, kamar ta Toulouse da ke kula da Afirka, suna amfani da ita. Amma ka yi hattara, shi ma hazon salfet yana ɗan jan wannan bambanci ƙasa, saboda shan da yake yi a 905. Idan ka matse sharaɗin da yawa, za ka zubar da tsaba tare da dusa. Duba siffar layin gaba ɗaya: toka da ƙura suna yin kwari mai faɗi da ya nufi wajen 1000, salfet kuwa ya fi cizo a 1170.

Ƙurar nan mu muka fi kowa saninta. Wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi lokacin hunturu, har ta hana jirage sauka a Kano, dangin toka ce a idon infared, domin duk daga dutse suke. Duk wanda zai yi awo a Tekun Atilantika gaban Afirka ta Yamma, ko a Tekun Larabawa cikin Yuni da Yuli, da ita zai yi ta fama.

Saura SO2, wadda na ce za mu dawo kanta. Auna ta daban a 1362, inda hazon ba ya damun ta sosai. Hanya mai sauƙi da aka saba da ita a IASI: ɗauki matsakaicin tashoshin 1407.25 da 1408.75, ka cire matsakaicin 1371.50 da 1371.75. Inda bambancin ya tashi, akwai iskar. A kwanakin farko, irin waɗannan wurare sai ka auna iska da hazo tare. Sa'ar da aka yi ita ce SO2 tana barin tsaga-tsaga, hazo kuma santsi, kuma tashoshin IASI sun isa su bambanta su. Lokaci ma yana taimaka maka: a al'ada kusan kashi biyu cikin uku na iskar na rikiɗewa cikin wata guda, a Hunga ma bai ɗauki wata gudan ba.

Fito da adadi

Yanzu kana buƙatar sanin yadda layin zai kasance in da hazo, da yadda zai kasance in babu. Manhajar lissafin tafiyar haske ce ke yin wannan. RTTOV kyauta ce bayan rajista, kuma tana da sauri. Ba ta bayanan ERA5, ta ba ka layin sama mai tsabta. Don sa hazo ciki, sai ka lissafa yadda ɗigon ke shan haske a kowace tasha da ka'idar Mie, wadda Gustav Mie ya fitar a 1908 domin ƙwayoyi masu siffar ƙwallo. Za ka ba ta abu uku: girman ɗigon, ƙarfin asid ɗin, da teburin yadda asid ke karya haske, wanda ke cikin rumbun HITRAN. Zaɓi teburin da aka auna cikin sanyi irin na sama. Tsohon tebur na 1975 da aka daɗe ana amfani da shi a zafin ɗaki aka auna shi.

Girman ɗigon yana tsakanin maikuron 0.1 zuwa 0.2 a lokacin lafiya, bayan Pinatubo ya kai wajen 0.5. Tunda duk sun gaza igiyar infared nesa, abin da haske ya fi ji shi ne jimillar asid ɗin, ba girman kowane ɗigo ba. Wannan alheri ne wajen auna nauyi, amma yana nufin kada ka yi da'awar ka auna girman ɗigo daga IASI kaɗai. Haka tsayi. Koma lissafinmu na ɗazu: in ka matsar da hazon daga inda yake 210 zuwa inda yake 230, asarar ta sauka daga 0.91 zuwa 0.82 kawai. Nauyin hazon da za ka samu bai canza sosai ba, amma hakan na nufin na'urar ba ta iya gaya maka inda hazon yake. Tsayin daga waje za ka samo shi.

Cire layin da ba hazo daga mai ɗan hazo, ka sami tambarin hazon, mu kira shi k. Daga awon 2021 kuma ka fitar da matsakaici ȳ, da teburin S mai nuna yadda tashoshi ke hawa da sauka tare a ranakun lafiya. Ga kowane sabon awo y, lissafa:

R = kᵀS⁻¹(y − ȳ) / √(kᵀS⁻¹k)

Ina son wannan dabara ƙwarai. S ya riga ya haddace duk wasan da tururi da ozon da zafin teku suka saba yi, don haka abin da bai saba ba ne kaɗai ke fitowa. A shekarar lafiya R yana yawo kusa da sifili, faɗin yawonsa 1. Abin da ya haura 3 ko 4 ya cancanci a saurare shi. Don mayar da R kauri, gudanar da manhajar da kauri daban-daban ka yi teburin dubawa. Sannan tara awo a murabba'in digiri ɗaya. Matsakaicin awo 100 yana rage hayaniyar na'ura sau goma, amma kuskuren tebur ko na zafin teku yana nan daram, ko ka tara dubu.

Nauyi kuwa, raba kaurin da adadin da Mie ya ba ka na kowane giram, ka ninka da faɗin murabba'in, ka tara.

Gwada da na wasu

Gwajin farko a takarda ne. Nauyin ƙwayar SO2 64 ne, na ƙwayar asid ɗin 98, idan ka ƙara ruwan da ke ciki sai kowane tan na iskar ya haifi kusan tan 2 na hazo. Tan miliyan 15 na Pinatubo ya ba da kusan miliyan 30. A Hunga, wasu awon IASI sun ba da hazon da ya zarce abin da lissafin SO2 na farko ya nuna, don haka in naka ya ɗan haura, duba kafin ka share. In ya ninka sau goma, gajimare ko ƙura ce ta shige maka.

Na biyu, ɗora taswirarka a kan layin da CALIPSO ya bi ranar. Wannan tauraro, da ya yi aiki daga 2006 zuwa 2023, yana harba hasken leza ƙasa ya saurari abin da ya dawo. Zai ba ka tsayin, ya kuma raba maka ɗigon asid mai siffar ƙwallo da toka mai kaifi-kaifi. Zai tona maka hayaƙin gobarar daji ma, irin wanda ya haye sama daga Ostareliya a farkon 2020. SAGE III da ke tashar sararin samaniya tun 2017 yana ba da kauri a maikuron 1.02, amma kada ka ajiye lambarsa kusa da taka kai tsaye. Sai ka juya ɗaya zuwa ɗaya da Mie, kuma a wannan juyin girman ɗigon da ka zaɓa yana da tasiri babba. Rubuta shi a rahotonka, tare da tebur da tsayin da ka yi amfani da su.

Idan Hunga ya zauna maka, juya zuwa Nabro na Eritiriya, wanda ya yi aman wuta a tsakiyar Yunin 2011, kusan a layi ɗaya da Sakkwato, ya fitar da SO2 wajen tan miliyan 1.5. Lokacin IASI da AIRS da MIPAS da CALIPSO da SEVIRI duk suna aiki. Hayaƙin ya bi ta kan hamadar Larabawa ya faɗa cikin gajimaren daminar Asiya, wato duk abin da na ce ka guje wa. Bi iskar da SEVIRI a makon farko, ka ɗauki tsayi daga MIPAS, hazon kuma ka jira shi a kan Tekun Fasifik cikin Yuli da Agusta.